Alhaji Abubakar Imam: Marubucin da ya sama wa Arewa abin karantawa

Duk lokacin da aka tayar da maganar yawan yaran da ke kammala firamare a arewacin Najeriya ba tare da sun iya karanta ko da layi ɗaya ba, akan koma ne ga batun ƙarancin azuzuwa da malamai da kuma kuɗi.

Ba kasafai ake tambayar abin da yaron zai karanta ba idan ya iya haɗa baƙi. Wannan tambaya ita ce marigayi Alhaji Abubakar Imam ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana ƙoƙarin amsawa, tun daga shekarun 1930.

An dai haifi Abubakar Imam ne a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yanzu yake cikin jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, kuma asalin zuriyarsu daga ƙasar Barno ne.

Kamar sauran 'ya'yan malamai, da allo ya fara. Daga bisani aka kai shi Katsina wurin yayansa, Malam Bello Kagara, wanda malami ne a can, kuma shi ne ya zama Walin Katsina daga baya. A Katsina ya shiga makarantar boko, sannan a 1927 ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya kammala a 1932, aka kuma ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Ƙasar da ta iya karatu, amma aka ce ba ta iya ba

Kafin a gane girman aikin da ya yi, sai an dubi halin da ya tarar da ƙasar a ciki.

Turawan mulkin mallaka ba su iske Arewa cikin duhun kai ba. Rahotanninsu da kansu sun nuna cewa a farkon ƙarnin da ya gabata akwai makarantun allo fiye da 20,000 a lardunan Arewa. Malamai suna rubuta wasiƙu da littattafai da Larabci, suna kuma rubuta waƙoƙin wa'azi da Hausa da Fulatanci cikin ajami.

Sai dai gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi haruffan Rumawa, wato boko, a matsayin rubutun da za a yi aikin hukuma da shi. Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa da ke Kano a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da boko.

Da wannan mataki, malamin da ya haddace Alƙur'ani ya kuma karanci fiƙihu da nahawu ya wayi gari ba ya iya karanta takardar harajinsa.

Jama'a kuma ba su yi na'am da sabuwar makarantar ba, kuma suna da dalilinsu. Shekaru biyar kacal kafin haihuwar Imam, wato a 1906, sojojin Birtaniya suka afka wa birnin Haɗejiya suka kashe Sarki Muhammadu, wanda har yau ake kira Mai Shahada, tare da jama'arsa da dama. A wannan shekarar ce kuma aka ragargaza Satiru kusa da Sakkwato. Uban da ya ga wannan da idonsa, ba ƙaramin lallashi zai sa ya miƙa ɗansa ga makarantar waɗanda suka yi aikin ba.

'Yan kaɗan ɗin da suka shiga kuwa, sun tarar da wata matsalar. Bayan littafin koyon baƙaƙe da 'yan littattafan da aka fassara daga Turanci da Larabci, babu wani abin kirki da za su karanta da Hausar boko. An ba su mabuɗi, amma ɗakin fayau yake.

Gasar 1933

Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya, ƙarƙashin jagorancin wani Bature mai suna Rupert East. Shi East ya lura cewa fassara kaɗai ba za ta sa mutane su so karatu ba. Saboda haka a 1933 ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka kuma sa gasa.

Abin baƙo ne a lokacin. A wurin malaman zaure, alƙalami na ilmi ne da addini, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare.

Littattafai biyar ne aka buga sakamakon wannan yunƙuri: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin da ya rubuta shi shekarunsa 22 ne. Wa da ƙane ke nan daga gida ɗaya a cikin mutum biyar.

Ruwan Bagaja labari ne na Alhaji Imam da ya bazama duniya neman wani ruwa mai warkarwa, da kuma yadda suke ta yi wa juna ƙeta da abokin burminsa, Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Masana adabi sun daɗe da nuna cewa akwai tasirin littattafan Larabci a cikinsa, musamman Maƙamatul Hariri, abin da ba zai zama abin mamaki ba ga ɗan gidan malamai. Amma abin da ya ja hankalin East shi ne bakin marubucin: Hausa ce mai gudu, mai ban dariya, irin wadda ake ji a zaure da bakin kasuwa.

Watanni shida a Zariya

A 1936 aka ari Imam daga makarantarsa ta Katsina zuwa Zariya, domin ya rubuta littattafan karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan labarai daga sassan duniya, na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ciki har da Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa. Cikin kimanin watanni shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, aka kuma fara buga su daga 1937.

Yawancin mutane suna tuna Magana Jari Ce ne a matsayin adabi, suna mance cewa tun farko littafin koyon karatu ne. Idan aka dube shi da wannan ido, za a ga dabarar malamin aji a ko'ina cikinsa.

Labaran gajeru ne, ana iya gama kowanne a zama ɗaya, abin da ke ba ɗalibi jin cewa ya kammala wani abu. Amma kuma an ɗaure su duka da igiya ɗaya, wato aku mai hikima da ke ba ɗan sarki Musa labari bayan labari domin ya hana shi fita daga fada ya faɗa tarkon waziri. Yaron da ya gama labarin yau yana so ya san ko gobe Musa zai fita. A littafi na biyu akun yana gasar ba da labari da wani aku, a na uku kuma yana koya wa ɗansa sana'ar magana, wato malami da ɗalibi ke nan a fili.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi yanayin rubutun Hausa kansa. Hausar boko tana da sauƙin koyo, domin kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula biyar, ya iya haɗa su gaɓa-gaɓa, zai iya furta kusan duk abin da aka rubuta. A shekarun 1930 ɗin ne ma aka daidaita amfani da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka raba kalmomi irin su baki da baƙi.

Sai dai rubutun ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kalmar gari tana iya zama wurin da mutane ke zaune, tana iya zama abin da ake tuƙa tuwo da shi. Fari yana iya zama launi, yana iya zama rashin ruwan sama. Jimla ce kaɗai ke gaya wa mai karatu wanda ake nufi. Ke nan wanda ya tsaya a kan rera ba, be, bi, bo, bu a allo bai iya karatu ba tukuna, sai ya yi ta bin dogon zance mai ma'ana har idonsa ya saba da tsinkayar kalma daga maƙwabtanta. Wannan atisaye ba ya yiwuwa sai da littafin da yaro ba zai gaji da shi ba, kuma irinsa ne Imam ya rubuta.

Masu suka sun sha cewa yawancin labaran aro ne. Gaskiya ne, kuma ba a taɓa ɓoye hakan ba. Amma duk wanda ya karanta ya san cewa Imam bai fassara su ba, sake haihuwarsu ya yi. Ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada da kotun alƙali da kasuwa, har ta kai ɗimbin masu karatu sun girma suna ɗauka cewa daga bakin kakanninsu aka kwaso su. Wata 'yar ƙasar Beljiyam, Jacqueline de Naeyer, wadda daga baya ta auri East, ita ce ta zana hotunan da ke ciki.

Jaridar kwabo ɗaya

Littafi na ɗan makaranta ne. Babban mutum da ya koyi boko yana bukatar abin da zai riƙa zuwa masa sabo a kai a kai. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka kuma naɗa Abubakar Imam editanta na Hausa, muƙamin da ya riƙe kimanin shekaru 12.

Ba don Allah kaɗai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa jaridar ba. Yaƙin Duniya na Biyu yana ƙaratowa, jita-jita ta yi yawa, kuma hukuma tana son hanyar isar da nata bayanin ga jama'a. Imam ya san da haka, kuma ya yi aikin. Amma a hannunsa jaridar ta zarce abin da aka kafa ta dominsa.

Shafin wasiƙu ya zama dandalin da malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa ke bayyana koke-kokensu da ra'ayoyinsu. Mutane irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano sun yi rubutu a cikinta. Kofi ɗaya yakan zagaya hannaye da dama, wanda ya iya kuma yakan karanta a bayyane ga waɗanda ba su iya ba. Mutumin da ya ga sunan maƙwabcinsa da na garinsu a jarida ya samu dalilin koyon karatu wanda ya fi duk wani jawabin Razdan ƙarfi.

Aikin edita ya kuma tilasta masa saƙa wa Hausa sababbin kalmomi. Dole ne a yi bayanin jiragen yaƙi da majalisu da tsarin mulki ga mutanen da ba su taɓa ganinsu ba, kuma salon da shi da abokan aikinsa suka shimfiɗa a Zariya ya taimaka ƙwarai wajen kafa daidaitacciyar Hausar da jaridu da gidajen rediyo suka gada.

A 1943 yana cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata zuwa Ingila ana tsakiyar yaƙi. A can Nnamdi Azikiwe ya shirya takardar neman a sa wa'adin ba da mulkin kai, amma Imam ya ƙi sa mata hannu. Matsayinsa shi ne Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani, kuma mulkin kai a wannan hali zai bar ta ne a hannun waɗanda suka riga ta. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin biyayya ga Turawa, kuma har yau ana muhawara a kai.

Amma a wannan tafiyar ce ya gana da Lugard, tsohon gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, ya kuma zayyana masa illolin tsarin da ya bari, ciki har da zaluncin wasu ma'aikatan En'e, da yadda ake wulaƙanta matasa masu ilmi, da kuma ƙarancin makarantu. Labarin tafiyar ne ya rubuta a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Yaƙi da Jahilci

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, wanda ya haɗa aikin jarida da na ɗab'in littattafai. Imam yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama NPC, ya kuma zama ɗan majalisa a farkon shekarun 1950. Siyasa ba ta riƙe shi ba. A 1954 ya koma harkar littattafai a sabuwar hukumar adabi ta Jihar Arewa, wadda aka fi sani da NORLA.

Lokacin ne gwamnatin Arewa ta ƙaddamar da gangamin koyar da manya karatu da aka kira Yaƙi da Jahilci, wanda Alhaji Ahmadu Kumasi na Katsina ya yi fice wajen jagorantarsa. Sunan kansa yana da ɗan ƙaiƙayi, domin da yawa daga cikin waɗanda aka zaunar a azuzuwan sun yi shekaru suna karanta Alƙur'ani da ajami.

Abin da ya bambanta wannan gangami da waɗanda suka biyo bayansa shi ne an haɗa aji da maɗaba'a. NORLA ta riƙa fitar da ƙananan littattafai masu araha kan noma da kiwon lafiya da tarihi da addini, wasu da boko wasu da ajami. An kuma samar da jaridun larduna masu sauƙin Hausa, irin su Zaruma a Sakkwato, da Himma a Katsina, da Bazazzaga a Zariya, da kuma Sodangi a lardin Kano, wanda a lokacin ƙasar Haɗejiya take cikinsa. A wannan zamani ne aka buga waƙoƙin Mu'azu Haɗejiya, malamin makaranta kuma fasihi, wanda ya yi amfani da baitocinsa wajen kiran jama'a su nemi ilmi.

Hikimar a bayyane take. Manomin shinkafa a fadamar Haɗejiya da ya koyi baƙaƙe da rani, idan damina ta sauka ya koma gona ba shi da ko takarda ɗaya da zai duba, kafin kaka abin da ya koya ya zube. Jaridar da ke zuwa da labarin lardinsa ita ce za ta riƙe masa karatun.

Imam bai daɗe a NORLA ba, domin a tsakiyar shekarun 1950 aka naɗa shi cikin hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa, a daidai lokacin da ake fafutukar cike guraben aikin gwamnati da 'yan Arewa. NORLA ɗin ma ba ta yi tsawon rai ba. An rufe ta a 1959, aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya, sannan a 1966 aka kafa kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya ci gaba da buga littattafan Imam.

Akwai wani giɓi da ya kamata a ambata. Makarantun da aka rubuta wa waɗannan littattafai galibinsu na yara maza ne, kuma haka yawancin jaruman labaran suke. Sai a shekarun 1980 da na 1990, lokacin da marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka fara cika kasuwa da labaran soyayya da zamantakewa, aka ga mata sun rungumi karatun Hausa da yawan gaske. Malamai da dama sun raina waɗannan littattafai, amma abin da East da Imam suka hango a 1933 ne ya sake tabbata ta wata ƙofar da ba su buɗe ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Duk da aikin gwamnati, Alhaji Abubakar Imam bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta littattafan addini da tarihi, ciki har da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyidina Abubakar. Tun da farko kuma shi da East sun rubuta Ikon Allah, wanda ke bayanin halittu da kimiyya da Hausa. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 ya ci gaba da riƙe muƙamai a jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta zama jihar Kaduna, ciki har da na kwamishinan sauraron ƙorafe-ƙorafen jama'a.

Allah ya yi masa rasuwa a watan Yunin 1981, yana da shekaru 70.

Ya rayu har ya ga shirin ilmin firamare kyauta ga kowa da aka fara a 1976, da kuma manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko na yankinsu a shekarun farko na firamare. Azuzuwa sun cika maƙil, amma littattafai da ƙwararrun malamai ba su bi sahu ba.

Gwaje-gwajen karatu da aka gudanar a jihohin Sakkwato da Bauci a farkon shekarun 2010 sun gano cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwan firamare da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba. Shirye-shiryen da aka ɓullo da su bayan haka, irin su Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu, sun koma ne kan koyar da sautin haruffa da gaɓoɓi da Hausa, tare da sa wa kowane yaro littafin labari a hannu.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi amfani da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 kuma ta sanar da soke wannan tsari, ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa.

A ƙarshen shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, a 1989 kuma aka buga tarihin rayuwar Imam da ya rubuta da kansa, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace.